Siririn Bangon Silima

Ban taɓa shiga silima ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya gyara zama yana jiran labarin fim. A Garwa ta zamaninmu, matar auren Hausawa da aka hanga a ƙofar silima, kafin ta dawo gida labarinta ya riga ya kai Maruwa wurin iyayenta. Duk da haka na san masu ban dariyar Turawan nan fiye da waɗanda suka tsufar da kujerun wurin, domin ni nawa fim ɗin a tsakar gida ake yi mini shi, da safe, ina dama koko.

Mijina mai zane ne. Malam nake ce masa, ko da yake a lokacin ba shi da malantar komai sai ta buroshi. Shi ke rubuta allunan shaguna, ya zana kawuna ga masu aski, ya zana kifi ga masu kifin tafkin Lagdo, kifin da ya fi na cikin kwando ƙiba. Shi ne kuma ke rubuta allon fim ɗin da za a nuna a silimar da ke hanyar kasuwa, saboda haka ƙofa a buɗe take gare shi. Duk abin da ya gani jiya, yau sai ya kwaikwaya mini. Ya ɗauki muciya ta zama sanda, ya kifa ƙwarya a ka ta zama hula, ya wawware ƙafafu yana tafiyar agwagwa daga bakin rijiya zuwa ƙofar ɗaki. Ni kuwa baƙuwa ce a garin, an kawo ni daga Maruwa ba uwa ba ƙanwa, sai shi. Dariyar safen nan ce take riƙe ni har yamma.

Ina da cikin 'yarmu, wadda ita kaɗai Allah ya ba mu, mai silimar ya ba shi aikin da ya fi kowane girma a rayuwarsa. Ya ce ya cika masa dogon bangon waje da hotunan tsofaffin masu ban dariya, waɗanda tun zamanin fim marar launi mutanen gari ke son su. Mutum huɗu ne. Akwai mai sanda da guntun gashin baki. Akwai wani tsoho mai sanƙo, sarkin masifa, wanda ko a bango kamar zai mare ka. Sai abokai biyu da ba sa rabuwa, ƙato da siriri. Aka ba shi tsofaffin takardun talla ya duba. Na sauran ukun sun fito sosai, amma ta siririn gara ta cinye rabin fuskar.

Wata biyu yana wannan aiki a ranar Garwa, wadda ba ta san wasa ba. A cikin kwanakin ne madubina ya ɓace. Na juye ɗaki, na zargi kaji, na zargi maƙwabta a zuciyata, Allah ya yafe mini. Bayan mako guda sai ga shi a inda yake, da ɗigon jan fenti a gefensa. Na tambayi Malam, ya ce shi me zai yi da madubin mata.

Amsar na same ta ranar da zan je awo asibiti. Hanyar ta gaban silimar take. Na ɗaga kai daga cikin mayafi don in saci kallo, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Siririn nan, an shafa masa jar fata irin ta Bature, an ɗora masa ƙaramar hula, amma kunnuwan Malam ne, manya masu buɗewa kamar hannun tukunya. Wushiryar tasa ce. Hatta yadda girarsa ta hagu ke ɗagawa idan ya yi ƙarya, tana nan. Na yi ta dariya a bakin titi, ni kaɗai da tulun ciki, har wata Bafulatana mai nono ta matso tana tambayata ko lafiya.

Garwa kaf ba wanda ya gane. Mutane sun ga jar fata sun wuce, ba su duba abin da ke ƙarƙashinta ba. Shi ma bai taɓa amsawa ba. Idan na ce, "Malam, na ga ƙaninka Bature yau," sai ya ce, "Ke dai idonki ne," girar nan ta ɗaga.

Shekaru suka tafi. Aka karya darajar kuɗinmu na sefa, aka rage albashin ma'aikata, mutane suka koma kallon bidiyo a rumfunan unguwa. Silimar ta rufe. Wani Alhaji mai fataucin albasa ya sayi ginin ya mai da shi sito, ya cire kujerun, amma bangon waje bai taɓa shi ba, don ba ya cin masa komai. Aikin allo ma ya yi ƙasa. Malam ya samu lokaci, ya koma zama gaban malamai, sunan da nake kiransa da shi ya fara kama shi da gaske. A can ne ya ji abin da ya hana shi sakat, cewa mai zana abu mai rai za a tsayar da shi ranar ƙiyama a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba.

Wani malami mai sauƙin hali ya ba shi mafita. Ya ce idan aka ja layi a wuyan hoton, an raba kai da gangar jiki ke nan, ya tashi daga mai rai. Malam ya ɗauki tsani da siririn buroshi, ya je ya yi wa mutanensa huɗu yankan baƙin zare a maƙogwaro. Ya dawo yana murna kamar wanda ya sauke buhu. Ya samu shekara yana barci da wannan fatawa, sannan wani malamin ya ce masa layi ba ya yanka komai, yaudarar kai ce. Daga ranar ya daina bin hanyar silima. Muciya ta koma tuwo kawai. Na ji haushin malami na biyun nan, har yau ban gama hucewa ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bayan mun aurar da 'yarmu ga wani mai fataucin shanu a Meiganga. Wata rana da la'asar, ina yi masa fifita a inuwar dalbejiyar tsakar gida, ya kama bakin zanena.

"Zan bar miki wasiyya," ya ce. "Bangon nan. Ki sa a shafe shi."

Na ce, "Ka faɗa wa Yaya mana. Aikin maza ne."

Yaya shi ne wansa, mahauci ne a babbar kasuwa, wanda tun ranar da aka fara zanen yake cewa haramun ne. Malam ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Shekara nawa yana jira in ce ya yi gaskiya? Ba zai ji daga bakina ba. Ke kaɗai na faɗa wa. Kada ki bar ni da su a kabari. Kin yi alkawari?"

Na ce na yi. Bayan kwana tara ya rasu.

Sai da na shiga takaba na gano ba ni da hotonsa. Na katin shaidarsa, wanda muke ce wa dantite, dama baƙin dunƙule ne da ko shi ba ya gane kansa a ciki, kuma Yaya ya tattara takardun ya tafi da su, damina ta shiga akwatin ta gama da su. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana zana fuskokin mutane bai taɓa zama gaban mai hoto don kansa ba. Wata huɗu da kwana goma ina zaune a ɗaki ina ƙoƙarin riƙe kamanninsa, ina ji suna zame mini. Muryar tana nan, tarin yana nan, amma fuskar sai ta zo rabi ta koma.

Ranar da na fita takaba, na yi wanka, na sa sabon zane, aka yi sadaka. Washegari na ce zan je kasuwa. Na tafi da niyyar in ga Alhajin albasa in nemi izinin shafewa, Allah shi ne shaida. Na iso bangon, na ɗaga kai, Malam ya dube ni da girarsa a ɗage. Na tsaya har rana ta ƙona mini ƙeya. Daga nan na wuce na sayo kuɓewa na koma gida.

Haka na yi shekara bakwai.

Ba zan yi wa kaina ado ba, na san abin da nake yi. Na yarda da abin da ya yarda da shi. Kullum na idar da salla ina roƙa masa sauƙin kabari, alhali na san abin da ya roƙa don sauƙin nasa yana hannuna na danne. Idan an yi wa'azin wasiyya a rediyo sai in kashe. Idan na ji zafin rana ya yi yawa sai in ce ko haka yake ji a can, saboda ni. Sannan gari ya waye in ƙirƙiro abin saya a kasuwa. Na sayi gishirin da ya ishi unguwa guda.

A gindin bangon akwai wata mai soya kifi, 'yar kudu, mai fara'a. Ta saba da ni har ta ajiye mini benci. Ta ɗauka kifinta ne ke kawo ni, ni kuwa kifi ma ba ya zama mini a ciki. Nakan saya, in zauna ta gefen da zan ga siririn, in ba shi labarin gida a zuciyata: rijiya ta ƙafe, 'yarka ta haihu namiji, Yaya ya tsufa ya rage faɗa. Fentin yana ta koɗewa. Hular mai sanda ta ɓare, tumbin ƙaton ya tsage, masu siyasa sun manna takardunsu a ƙafafun tsohon mai sanƙo. Amma siririn yana ƙarshen bango inda indararo ya kare shi, shi ya fi kowa lafiya.

'Yata ta yi ta aiko mini. "Inna, ki dawo Meiganga. Me kike tsare da shi a Garwa? Gida ba kowa, ke da ƙadangaru." Nakan ce sanyin can ba zai bar mini gwiwa ba. Ta zo da kanta, ta yi kuka, ta yi fushi, ta koma. Ban iya ce mata ubanta nake tsare da shi a bangon siton albasa ba, kuma ba da yardarsa ba. Gidan ya yi mini faɗi. Nakan dafa abinci in rasa dalilin ci. Akwai ranakun da tun safe har magariba ba wanda na yi wa magana sai mai kifi da bango.

Wata Laraba na iso na tarar da samari da 'yan mata kusan shida a gaban zanen, suna ɗaukar hoto da wayoyinsu, suna aune-aune. Mai kifi ta ce mini ɗalibai ne daga Maruwa, masu son tsofaffin abubuwa. Ɗaya daga cikinsu, wata doguwa mai tabarau, ta durƙusa ta gaishe ni da Fillanci, da ta ji Hausa a bakina ta juya harshe.

"Mama, kin san wanda ya zana wannan? Ba mu ga sa hannu ba."

Na ce ban sani ba. Ƙaryar ta fito da sauƙi har na ji tsoron kaina.

"Gwani ne," ta ce. "Wallahi babu irinsa a duk arewa. Ba za mu taɓa komai ba, patron, mai ginin, ya yarda. Ranar Asabar za mu wanke shi, mu shafa masa wani mai. In ya bushe, ruwa ba ya shiga, rana ba ta ci. Ko fenti aka shafa a kai ba zai kama ba. Jikokinki ma za su gan shi."

Na koma gida. Abin da nake so ke nan a duniya, an kawo mini har gaban benci ba tare da na roƙa ba. Ba sai na yi komai ba, in yi shiru kwana uku kawai. Amma shirun nan ba irin na shekara bakwai ba ne. Da, kullum ina ce wa kaina gobe. Bayan Asabar babu goben, alkawarin ya mutu, Malam ya zauna da mutanensa huɗu har tashin ƙiyama. Na zauna a gindin dalbejiya inda ya kama zanena, na yi masa faɗa sosai. Na ce ka san ba ni da kowa, ka san abin da ka zana a wurin, sannan ka rasa wanda za ka ɗora wa sai ni.

Ranar Alhamis na je wurin Alhajin albasa. Na same shi a kan tabarma a ƙofar sito. Na gaya masa ko ni wace ce da abin da aka bar mini. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Hajja, bango nawa ne, amma zane na mijinki ne. Wasiyya kuwa ta fi ƙarfin yaran makaranta. Ki yi abin da ya ce, ni zan ji da su."

Na so ya hana ni. Na tsaya ina jira ko zai ƙara wata magana, ya koma kan lissafin buhunansa.

Ranar Juma'a da hantsi na zo da bokitin farar ƙasa da na jiƙa, da tsintsiya ɗaure a kan doguwar gora, da butar ruwa. Ban nemi kowa ba. Mai kifi ba ta fitowa ran Juma'a sai yamma. Ni matar mai fenti ce, amma ban taɓa riƙe abin shafa ba, gidanmu ma har ya rasu bai ga fenti ba, kullum sai an gama na mutane. Na yanke shawarar in fara da siririn, domin na san idan na bar shi ƙarshe zan ajiye gorar in gudu.

Na yi bisimilla, na tsoma tsintsiya, na rufe ido na shafa a fuskar. Na sake, na sake. Ruwan ya gangaro ta gorar ya shiga hannun rigata. Da na buɗe ido sai na ga Malam yana nan. Farar ƙasar ta kwanta a kansa kamar ruwan shinkafa, ana ganin komai ta cikinta. Na ƙara wani shafin mai kauri. Yana nan, har ma ya fi fitowa, don jiƙar ta farfaɗo da launin.

Ban san irin murnar da na yi ba. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Na ce Malam ka gani da idonka, na shafa, ta ƙi kamawa, wannan kuma ba laifina ba ne, daga sama aka hana. Na ji kamar an cire mini dutse daga ƙirji. Don in cika sharaɗi na bi sauran ukun ina shafawa, da sauri, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na shafe ƙaton, na shafe mai masifa, na kai kan mai sanda a ɗaya ƙarshen. Masu moto, wato babur, suna rage gudu suna kallon tsohuwa da gora, ina amsa gaisuwarsu da fara'a.

Da na juyo, rana ta riga ta zagayo kan bangon. Daga can nesa na ga ƙarshen da na fara ya yi fari.

Ashe haka farar ƙasa take. Tana jiƙe ba ta rufe komai, sai ta bushe take yin aikinta. Duk wanda ya taɓa shafe ɗaki ya san wannan, ni ce ban sani ba. Na yar da gorar na taho da gudun da gwiwata ta yarda. Hular ta tafi, goshin ya tafi. Farin yana shigowa daga gefe, a hankali, inda shafin ya fi kauri ne kawai ya rage da danshi, daga idanu zuwa haɓa.

Butar tana nan a gindin bango, cike. Na ɗauke ta. Na san idan na watsa yanzu, kafin ta kama, za ta wanke, gobe yaran su zo su gyara sauran. Na ɗaga ta har kafaɗa. Ruwan yana zuba a kan ƙafata. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Ba wanda ya riƙe ni, titi yana ta harkarsa. Na dube shi, na yi ta dubansa, ina ƙoƙarin in kwashe duk abin da zan iya kwashewa. Ina kallo har wurin ya zama ɗaya da sauran bango.

Na ce, "Na sauke, Malam. Ka kwanta."

Farar ƙasa ta ci mini tafin hannu, duk ya yi ja yana zafi. Na zauna a kan bencin mai kifi na wanke hannuwana da ruwan butar, har ya ƙare.